Matar Kafinta a Zauren Majalisa

Laraba

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan naki da yaran. Ya tarin ƙaramar, ya lafa? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da kin san halinta. Ki yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa.

Jiya mun gan ki a talabijin. Babu wuta, sai muka taru a shagon tela tunda shi ke da janareta. Da shugaban majalisa ya kira ki, mai shayi ya ce ku yi shiru 'yarmu za ta yi magana, tela ya ce 'yarku a ina, ni na ɗinka mata kayan makarantarta na farko. Ni kuwa baki har kunne kamar ni aka zaɓa.

Na san kina goyon bayan dokar nan da ta ce duk wadda ta karɓi haihuwa a gida ba takardar shaida a ɗaure ta shekara biyu. Kin gaya min, na ce ki yi aikinki, shekara talatin da ɗaya ina ungozoma, dama na kusa ajiyewa. Amma ba ki ce min za ki ba da labari ba.

Kika ce kin san wata mata da ta fara naƙuda da safe, jini ya ɓalle mata kafin azahar, ungozoma ta ce a jira, aka jira har la'asar. Kika ce mijin ya ciro ƙofar ɗakinsu wadda ya ƙera da hannunsa aka ɗauke ta a kai zuwa bakin titi, jaririyar ta rayu, uwar ba ta kai asibiti ba. Ba ki faɗi suna ba, na ji. Amma Auta, mutum nawa ne a unguwar nan aka ɗauki matarsa a kan ƙofa?

Kafinta, mijin matar, benci ɗaya muke zaune da shi. Shekara goma sha tara yana zaton abin farat ɗaya ya zo, haka na gaya masa, shi yana wurin aiki sai la'asar na sa aka kira shi. Ke kaɗai na faɗa wa gaskiya a duniya, ranar da nake miki kitso za ki tafi jami'a. Can ana miki tafi ana buga tebur, nan ko tari ba wanda ya yi. Ya tashi ya fita bai dube ni ba.

Na roƙe ki, gobe da za ku ci gaba ki miƙe ki ce a wani gari abin ya faru. Maganar minti ɗaya ce. Kin san 'yarsa Kaka take ce min, a cinyata ta yi wayo.

Ki gaida kowa.

Ni ce,
Mamanki


Juma'a

Auta,

Sallama da fatan alheri. Ya gajiya, ya yaran? Ki yafe min kashe wayar da na yi kina cikin magana, raina ne ya ɓaci.

Na ji abin da kika ce, wai duk maganar da aka yi a zauren nan ana rubuta ta a littafi ba a gogewa, wanda aka kama da ƙarya kuma kujerarsa na iya tafiya. Da kin tsaya nan da sauƙi. Sai kika ƙara da cewa ko ba littafi ba za ki yi ba. Wannan ce ta tsaya min a wuya.

Zaman jiya a waya na kalla, ni kaɗai a ɗaki, na ja labule. Na ga dogon nan mai tabarau na ɗaya jam'iyyar da ya miƙe yana dariya. Wai uwar mai girma 'yar majalisa ita kanta ungozoma ce marar takarda, to ko dai labarin ƙirƙirarsa aka yi don a tsorata mutane, ko kuwa akwai wadda ake rufa wa asiri, a faɗa wa majalisa wacce ce. Allah ya shirye shi, shi ko wa ya yanke masa cibiya, likita? Na ga kin sunkuyar da kai kina murza bakin mayafinki, yadda kike yi kina ƙarama idan kin fasa abu. Shugaba ya ce ki amsa ranar Talata kafin a kaɗa ƙuri'a. Me za ki ce? Idan kika yi shiru an ce ke maƙaryaciya ce, idan kika buɗe baki ni ce.

Nan unguwa ba wanda ya ce min komai, gara ma a zage ni. A famfo mata suna gaishe ni idonsu na kan bokiti. Shagon kafinta a rufe kwana uku, ba ƙarar guduma ba ta zarto, ban san ina jin su kullum ba sai da suka daina.

Ɗazu 'yarsa ta shigo, ita tana makaranta ranar ba ta gani ba. Ta zauna bakin gadona ta ce Kaka me ke damun Baba ne, ba ya cin abinci, ko kin sani? Na ce ban sani ba. Auta, na kalli idon yarinyar nan, idon uwarta sak, na ce ban sani ba. Ta ce to ki zo ki yi masa magana, ke yake jin maganarki.

Ban san abin da zan ce ki yi ba yanzu. Ki dai riƙa cin abinci, kin rame.

Taki,
Mamanki


Litinin

Auta 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya gaba ɗaya. Ki karanta wannan kafin ki shiga zaure gobe.

Jiya da hantsi na je wurin kafinta. Ya buɗe shago, yana goge wani katako. Na tsaya cikin ɓuntun katako na faɗa masa duka. Na ce na ga jinin tun kafin azahar. Na ce ban taɓa kai mace asibiti ba a lokacin, ina alfahari da haka, na ji kunyar a ce ta fi ƙarfina. Bai daina gugar ba har na gama.

Tambaya ɗaya ya yi min. Ya ce ta neme ni? Na so in ce a'a, wallahi bakina ya riga ya shirya. Na ce ta neme ka sau uku, ni na ce maza ba sa shigowa. Sai ya ajiye abin gugar. Ya ce ni zan gaya wa yarinyar da kaina, kada ki riga ni. Ya ce ki je. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Don haka gobe ki miƙe ki ce wa dogon nan ungozomar uwata ce. Kada ki ce wata, ki ce uwata, su rubuta a littafin nasu. Amma tunda sun ba ki lokaci ki faɗi sauran. Ki ce daga nan zuwa asibiti tafiyar awa biyu ce idan an samu mota. Ki ce ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya nuna mana wane jini ake jira wane ba a jira, da an nuna min ko sau ɗaya ne. Idan za su ɗaure mu su ɗaure, amma su faɗi wa zai zo idan mace ta durƙusa. Ki sa su ƙara wannan a dokar kafin ki ɗaga hannu.

Yau da safe matar mai gyaran babur ta fara naƙuda, uwar mijin ta zo da gudu tana kira na. Na je, ban ko wanke hannu ba, na ce a nemo mota yanzu yanzu. Tsohuwar ta ce ke da kika karɓi haihuwar mijinta, yau tsoro kike ji? Na ce eh. Na riƙe kan yarinyar a cinyata har muka isa. A ƙofar ɗakin haihuwa nas ta tare ni ta ce ke wace ce tata. Na ce maƙwabciya. Ta ce to maƙwabciya a zauna a benci.

A bencin nake rubuto miki. Har yanzu ba su fito ba.

Ni ce,
Mamanki