Kogin Nan Ba Rafinmu Ba Ne

Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da ƙannena. Yaya ƙafar taki?

Kin tambaya ko ruwan da muke gina gada a kansa irin na bayan gidanmu ne. A'a, Inna. Namu rafi ne, iya gwiwa, har yashin ƙasansa ana gani. Ƙoramar gonar Baba kuwa sai an yi ruwa take gudu. Wannan kogi ne, ba ya ƙafewa. Samansa a kwance yake, amma ƙarƙashinsa ja yake yi.

Makon jiya hular abokin ɗakina, mai walda, ta faɗa ciki. Ya ce mini, "Bari in ɗauko, ai a bakin rafi na girma." Har yau ba a gan shi ba.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Abinci ne dai bai cika shiga ba. Takalman da ya cire suna ɗakinmu.

Ki ce wa Baba ya sa shi a addu'a. Shi ma yana da uwa, kuma ni aka ce in kira ta.

Allah ya bar mana ku.

Ɗanki