Geron da Tururuwa Suka Ajiye

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya ba ki ikon bin maganar likita, ko da yake na san benen da ya hana ki hawa yanzu haka kina kansa. Mu nan lafiya lau. Inna ta warware, har ta koma yi wa mai gyaran famfo faɗa, da haka muka gane ƙarfinta ya dawo. Auta ta fitar da haƙora biyu, tana gwada su a jikin duk wanda ya ɗauke ta. Baban yara ya ce in gaya miki takalmin ya yi masa daidai.

Saƙonki ya iso, na karanta shi har sau uku. Kin ce in je in durƙusa in ba Kawu haƙuri, in sa hannu a takardar nan a wuce wurin. Kin tuna min shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, shi ya sa ni makaranta, shi ya ɗauke ni aiki a sashen da yake shugabanta a jami'a. Duk gaskiya ne, ban manta ko ɗaya ba. Amma Yaya, labarin daga bakin Inna kika ji shi, ita kuma daga bakin Kawu. Ga nawa, ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Kin sha tsokanata wai na yi karatu na ƙare a wankin ƙasa. To, wankin ƙasar nake yi. Masu tono suna kawo min ita buhu-buhu daga tsofaffin kufai, kowane buhu da lambarsa da zurfin da aka ciro shi. Sai in juye a duro cike da ruwa, in dama da hannu. Yashi da tsakuwa su nutse, gawayi da ƙwayoyin hatsi su taso, in tare su da ƙyalle in shanya a inuwa. Idan sun bushe sai in zauna gaban madubin da ke ƙara wa abu girma, da allura da ɗan siririn burushi, ina ware su ɗaya bayan ɗaya. Ta haka ake sanin abin da mutanen wancan zamani suke nomawa da abin da suke ci. Abu guda nake so ki riƙe. A ƙasa mai damshi da gara, ƙwayar da ke kai shekaru dubbai ita ce wadda wuta ta mayar gawayi, don babu ƙwaron da ke cin gawayi. Kawu da kansa ya koya min wannan a makona na farko, yana faɗa yana buga tebur.

Bana, a rami mafi zurfi, masu tono suka tarar da wata tukunya da ta tsage a gefe, cike da ƙasa mai toka. Da na wanke sai ga gero ya taso, ƙwaya ta fi ɗari uku, baƙi wuluk. An aika da gawayin da ke kusa da tukunyar aka auna shekarunsa, aka ce ya haura dubu huɗu. Ban taɓa ganin Kawu cikin irin wannan murna ba. Ya ce abin da ya yi shekara talatin yana nema ke nan, shaidar cewa tun wancan zamanin ana noman gero a wurin, ga shi ta zo masa daf da ajiye aiki. Ni ma na yi murna, har da hawayena.

Washegari na zauna gaban madubi, sai na ga abin da ban so gani ba. Baƙin nan iyakarsa fata, toka ce ta rine su. Ƙonanniyar ƙwaya idan kika danna ta da allura rugujewa take yi, ta zama baƙin gari. Wannan da na tsaga ta, cikinta fari fat, kamar jiya aka sussuko ta. Na koma cikin ƙyallen na bincika, sai ga kawunan tururuwa birjik. Ke ma kin san halinsu tun gonar Baba, yadda suke jera layi suna kwashe mana hatsi zuwa ƙarƙashin ƙasa. A saman tudun da aka tona akwai gonar gero. Tururuwa ne suka sami tukunyar mutanen da a shirye, suka mayar da ita rumbunsu.

Ban yi maganar a gaban kowa ba. Na shiga ofishinsa na rufo ƙofa, na gaishe shi, na faɗa masa abin da na gani. Ya ce tukunyar ce ta tsare su daga damshi, shi ya sa ba su lalace ba. Na roƙe shi a aika da ƙwayoyin su kansu a auna, tunda gawayin gefensu kawai aka auna. Ya ce sakamakon sai ya yi wata biyu, taron da zai sanar da abin kuwa saura mako uku. Abin da yake so a wurina shi ne in sa hannu a shafin rahotonsa da ke cewa na duba na tabbatar tsofaffi ne. Idonsa ya daina iya zaman madubi tun tuni, kowa a sashen ya san haka, kuma duk wanda zai karanta rahoton sunana zai nema a wannan shafin.

Na ɗebi ƙwaya ashirin na sa a jiƙaƙƙiyar auduga cikin faranti, na ajiye a bakin taga. Wallahi Yaya, addu'a na yi ta yi kada su tsiro. Na fi son a ce ni ce na yi kuskure, in je in ba shi haƙurin da kike so. Rana ta huɗu shida suka fasa, kowace da 'yar farar saiwarta. Na rufe farantin da ƙyalle don kada ɗalibai su gani, na kai masa. Ya duba farantin. Sai ya ce geron kicin ɗina ne na kawo na gauraya, don in kunyata shi. Ya kira ni butulu.

Na san Inna ba ta gaya miki wannan ba, don ita ma ba a gaya mata ba. Shekara goma sha biyu ina kan teburin nan, ban taɓa cin ko gyaɗa a ɗakin ba, don kada ɓawo ya faɗa cikin aikin mutane. Ni ce yau zan zuba gero daga gida? Har yanzu maganar tana yi min ciwo. Ya karɓe makullin ɗakin madubi, ya tura ni tsakar gida wankin rariya. Ina wankewa kuwa, tas-tas, ko a jikina. Kullum da safe ina zuwa in gaishe shi, yana kallon bango.

Kin ce zan zubar masa da mutunci. Ki yi tunani da kyau. Ranar da rahoton ya fita, masana daga wasu wurare za su nemi a aika musu da ƙwayoyin, kuma na farkon da ya tsaga ɗaya zai ga abin da na gani. A ranar ba wannan tukunyar kaɗai za a yi wa dariya ba, duk aikin kirkin da Kawu ya yi shekara talatin sai an sa masa alamar tambaya. Na gwammace ya ƙi ni yana da mutuncinsa. Su ma mutanen da suka zauna a tudun nan, da suka gina tukunyar suka hura wutar, ba su da bakin da za su ce ba haka aka yi ba, kuma ba zan ɗora musu abincin tururuwa in ce nasu ne ba.

Ya ba ni zuwa Litinin, ko in sa hannu ko in tattara kayana. Kada ki ɗauka ba na jin tsoro. Ina son aikin nan, ban iya wani ba, kuma ban san da wane ido zan kalli Inna ba idan ƙaninta ya daina shigowa gidanmu saboda ni. Baban yara ya ce duk abin da na yanke yana bayana. Jiya na kwaso kofina da burushina da hoton yara na kawo gida, don kada ranar a gan ni ina haɗa kaya ina kuka. Litinin zan shiga in gaishe shi kamar kullum, in mayar masa da takardarsa yadda ya ba ni ita.

Ki gaida min maigidan da kyau, da babbar 'yarki mai jarrabawa, Allah ya ba ta sa'a, da 'yan biyu masu ɓarna. Inna da Baban yara suna gaishe ku. Ki sa ni a addu'a, amma kada ki ɓata bakinki wajen roƙa min sauyin zuciya. Ki roƙa min in miƙa masa takardar cikin ladabi, don har gobe Kawuna ne.

Wassalam,
Taki ƙanwa.