Fiya-fiya a Kan Sauda

Watari, ta Bagwai.

Zuwa ga Yaya Hure,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara a can Kumasi, Allah Ya ƙara rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. An yi arba'in ɗin Sauda ranar Talata. Ƙanenki Malam Iliyasu ya koma lambu, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Saƙonki ya iso, cewa in ba ki riƙon Tahira, ƙanwar Sauda, ko zuciyata ta huta. Kafin in amsa, akwai magana. Dangi sun haɗa baki aka ce miki zazzaɓi ne ya ɗauke Sauda. Ni tun ina makarantar allo ban iya ƙarya ba, ba kuwa zan fara a kan 'yata ba.

Kin tuna safiyar komawarki, da kika ga ƙwarƙwata a kanta, kika ce yarinya sai ka ce ba ta da uwa? Kika ɗauko fiya-fiyar da ake sa wa wake, kika kwaɓa da man gyaɗa, kika murje mata kai, kika ɗaure da leda, kika ce kada a kwance sai la'asar. Na yi shiru, don ke yayar mijina ce. Kafin azahar yawu na zuba kamar an buɗe famfo, ga hawaye ba kuka, ga gumi, ga zawo, ƙwayar idonta ta tsuke kamar bakin allura. Muka tsaya ɗura mata manja da madara.

Likita ya ce ta fata gubar ta shiga. Wai takan sa jijiyoyin da ke kula da yawu da hanji su yi ta aiki ba tsayawa, bugun zuciya ya ja baya, huhu ya cika da ruwa. Akwai allurar da ke karya ta, amma mun makara. Ledar ma sai a asibiti aka cire, don ta riƙe gam, tana cewa Gwaggo ta ce sai la'asar. Maganarta ta ƙarshe ke nan, na ga ya kamata ki san tana jin maganarki.

Ki gaida Alhaji Basiru da 'yarki Ramlat. Tahira ba za ta zo ba, Malam ya amince. Na yafe miki don Allah. Amma in kin zo Sallah, ki gaisa da Tahira daga bakin ƙofa.

Wassalam,
Taki,
Mairo