Inji Kaɗai

Daren Talata, Makoɗa

Barci ya ƙi zuwa. Yau matar marigayi Ɗanlami ta tare ni a ƙofar gida, ta ce Allah ya isa tsakanina da marayunta.

Yayan mijinta, Alhaji Sabo, shi ya ja min. Da ya kira ni in kimanta masana'antar man gyaɗarsu shi da marigayin, na kai masa takardar yarjejeniya. Ya ce, "Ni da na yanka ragon sunanka zan sa maka hannu? Mu shafa Fatiha." Kunya ta kama ni, na shafa. Inji kaɗai ya ce in duba, ban da fili da rumbu. Ashe rahotona ya kai wa magada, wai darajar masana'antar ke nan gaba ɗaya. A wannan tsadar, da kwanon gero ya gagari masu uba ma!

Amma ya manta abu ɗaya. Ranar nan ya karɓi birona, ya rubuta "inji kaɗai" da ajami a gefen takardar yarjejeniyar, don kada in wuce gona da iri.

Ba zan ɗaga masa murya ba. Ranar Juma'a, gaban Dagaci da magada, zan durƙusa in miƙa wa Alhaji Sabo takardar, in ce, "Baba, ajamina ba ƙarfi. Taimaka ka karanta mana."