Bakin Rifkatu Ya Buɗe

Ƙanena Markus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya bariki, yaya jikin matarka? Nan Zuru lafiya lau.

Maganar 'yarka Rifkatu ce. Makarantar da ka zaɓa Turanci zalla suke yi, wata biyu baiwar Allah ba ta ce uffan ba. Na mai da ita inda ake farawa da Hausa, na manta a ƙauyen Manga ta tashi hannun Inna, Hausar ma ba ta ji sosai. Yanzu wata malama takan ware yara irinta awa guda kullum, ta yi musu bayani da yarenmu na C'lela.

Jiya Rifkatu ta tambaye ni da Turanci yaushe za ka dawo. Me zan ce mata?

Ka sa mu a addu'a, ka gai da iyali.

Yayarka,
Ladi