Ciyawar tsagar dutse

Litinin, 29 Mayu 2023
Na daina murza wa Baba hannu. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, likitar asibitin mishan ta ce a riƙa shafa mai ana buɗe yatsun safe da yamma, in aka bari za su ƙage har abada. Na yi har na gaji, hannun na nan a dunƙule. Allah ya yafe mini.

Laraba, 31 Mayu
Na hau dutsen bayan garinmu Tabotaki neman abin da awaki za su ci. Ba komai sai wata busasshiyar ciyawa cikin tsagar dutse, ta ɓangaren inuwa. Ta kanannaɗe, toka-toka. Na tumɓuko. Awakin suka shinshina suka juya mini baya, 'yan rainin wayo! Na wurgar da ita gindin randa.

Alhamis, 1 Yuni
Subhanallahi! Da na zo ɗibar ruwa na ganta shar, kore. Ɗigon randa kawai ta sha. Kowane ganye ya baje kamar ƙaramin mahuci, a tsattsage, bisa siririn kara. Sai da na zauna ƙasa. Abin da na tumɓuko jiya yana ƙaras-ƙaras!

Juma'a, 2 Yuni
Na kai wa Gogo, yayar Baba. Ta juya ganyen, ta nuna mini wani gari ja-ja a bayansa. "Na san ta. Ba ta hure, ba ta ɗiya, kuma ba ki ganinta cikin yashi, sai dutsi." Sannan ta harare ni. "Ke ɗiyar nan, mi ta yi miki kika cire ta? Ba ta mutu ba, jira takai."
Na koma na leƙa tsagar. Ashe da yawa suke, duk a ƙudundune. Wannan ranar mai gasa dutse, suna ciki abinsu.

Asabar
Na mayar da ita wurinta, na tura ƙasa. Ban sani ba ko za ta kama.

Litinin, 5 Yuni
Na ɗumama man kaɗe, na jawo hannun Baba bisa cinyata. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Asiya, na zaci kin haƙura da ni."
Na ce man ne zai lalace in an bar shi.
Gobe da safe kuma.