Sunan da Ba Ki Taɓa Kira Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Asabe, a makwancinta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da durƙuso irin wanda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. 'Yarki ce ta fari, daga Jambutu a Garwa.

Inna, ƙara na kawo miki. Kishi nake yi, kuma da ɗalibata nake yin sa.

Bayan rasuwarki an kafa dogon ƙarfen rezo, wato na sabis ɗin waya, a garinmu Maga, daf da inda kike bandar kifi. Yanzu waya tana kamawa har tsakiyar gonakin shinkafa. Ni da nake koyar da kwamfuta a lise, wato sakandare, sai na ga dama ta samu. Duk hutu nakan kwashi ɗalibaina 'yan can mu tafi, mu zauna da mata a rumfa muna koya musu saƙon murya, tunda yawancinsu ba su yi boko ba. Ki danna, ki yi magana, ki saki. Shi ke nan.

Abin ya karɓu fiye da zatona. Mun haɗa su a zaure guda cikin waya. Kafin mace ta ɗaure kwandon banda ta riga ta ji yadda kasuwar Marwa ta tashi, babu dillalin da zai raina mata hankali. Ranar da za a saki ruwa a gonaki kowa ya sani. Da hanya ta zama abin tsoro, direbobi na faɗin inda za a bi. Na yi alfahari, ba zan ɓoye miki ba.

Sai ga Fadimatu. 'Yar Maga ce, 'yar fari kamar ni, tana zaune wurin kawunta a nan tana karatu. Wata rana bayan darasi ta biyo ni da waya a hannu, tana dariya, hawaye na zuba. Ta kunna mini. Muryar uwarta ce, matar da ni na kama yatsanta na ɗora a kan waya. Na ji ta ce, "Fadimatu. Fadimatu, kina cin abinci kuwa?"

Sunan 'yarta ta fari, Inna, da bakinta. Da na tambayi matan daga baya suka yi ta dariya, wai waya ba ta da ido, kunyar wa za a ji?

Na ce wa yarinyar ta kashe, nan makaranta ce ba kasuwa ba. Ta tafi jiki a sanyaye. Ni kuwa na zauna a cikin ajin da ba kowa.

Ke ba ki taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan". In baƙi sun zo, na zama "'yar Goggo", don Goggo, ƙanwar Baba, ce ta goya ni. Ƙannena kuwa, Sani da Balki, kina kiransu daga tsakar gida har bakin tafki a ji. Na san kunyar ɗan fari ce, haka aka yi miki ke ma. Na san ranar da na ci babbar jarrabawa kin tura mini kifi mafi girma a kwano ba tare da kin dube ni ba. Na gane komai. Amma kunnena bai ƙoshi ba.

Kin tuna rediyo mai kaset da na aiko ta hannun direba bayan aurena, don ku yi mini magana? Kaset ya dawo da muryar kowa, har akuyar Balki ta samu shiga. Ke kuwa kika yi gyaran murya, kika ce, "A gaida mutanen gidan." Na saurare shi har ya tsinke.

Yanzu ni ce na kai wa matan garinku abin da ya kwance musu harshe, ke kaɗai ya wuce. Da ƙarfen nan ya same ki da rai, da kin danna? Tambayar da ke bina ke nan har kan sallaya. Na ma yi niyyar kada in je Maga wannan hutun, don ba na son ganin uwar Fadimatu.

Ana haka jikanki ya kira daga jami'a a Ngaundare. Na ɗauka na ce, "Kai, ya karatu?" Sai na ji kalmar a bakina. Kai. Da duk takarduna, ban taɓa kiran ɗana na fari da sunansa ba.

Da muka gama wayar, na shiga ɗaki na rufe ƙofa kamar mai sata. Na danna, na yi magana, na goge. Na sake, na goge. Daga ƙarshe na rufe ido na ce, "Nasiru, kana cin abinci kuwa?" Na saki.

Ba a jima ba amsa ta zo, a firgice: "Mama, lafiya? Wa ya rasu?" Na ce ba kowa. Sai ga wani saƙon, muryarsa ƙasa-ƙasa: "To, ki sake faɗa."

Kishin bai tafi ba, Inna, kada in yi miki ƙarya. Amma na ba Fadimatu haƙuri, na ce ta adana saƙon nan wuri biyu. Maga kuma za mu je.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane kifi da kika tura mini a ɓoye. Ya haɗa mu a inda ba sauran kunya tsakanin uwa da ɗa. Amin.

Ga sunan na rubuta a ƙasa. Ki karanta a hankali, ba mai kallonki.

Taki har abada,
Rakiya